Ni da Fiziks da Yaran Sabo



Duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawa ya ƙarato, sai iyaye su yi ta turo mini yara, wasu kuma su tako da kansu, kusan kowa da tambaya iri ɗaya. Malam, wane karatu ka yi? Me ya sa ka bar aikin kamfani ka zauna kana koyar da yara? Yaron nan nawa zai iya Fiziks kuwa, ko mu bar shi ya bi shago? To, na ga gara in zauna in amsa gaba ɗaya, don wanda yake Agege ko Shagamu ko Anacha ma ya amfana, tunda matsalar tamu kusan ɗaya ce a duk inda muke zaune. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, yaranmu sun san Fiziks da hannunsu da idonsu tun kafin su shiga aji. Abin da yake ka da su shi ne harshen da ake koyar da shi, da kuma rashin wanda zai nuna musu cewa abin da ke cikin littafi shi ne dai abin da suka baro a ƙofar gida.

Ni haifaffen Sabo ne, a nan Ibadan, ko Badun kamar yadda tsofaffinmu suke cewa. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano. Jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1901, layin ya haɗe da Kano a 1912, sannan a 1916 aka ware wa Hausawa unguwar Sabo. Goro yana hawa Arewa, shanu suna gangarowa, mutanenmu suna tsakiya suna dillanci, suna saukar da baƙi. Har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikinmu ya rubuta littafi a kan wannan ciniki, ya fito a 1969. Sai dai kuma Jami'ar Ibadan, wadda aka buɗe tun 1948, tana nan kusa da mu, mota ɗaya ce daga Mokola, amma a lokacin ƙuruciyarmu da wuya ka ji an ce ga ɗan Sabo yana karatun injiniya a cikinta. Ana ganin ta kamar ta wasu ce.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, bai yi boko ba, amma ya tsaya a kan abu biyu: makarantar allo da safe da dare, sannan kada yaro ya zauna hannu rabbana bayan an taso daga boko. Sai ya kai ni wurin wani dattijo Bayarabe mai naɗa koyil, muna ce masa Baba. Aikinsa gyaran fanka da injin niƙa da ƙananan tiransifoma. Idan aka kawo wanda ya ƙone, sai ya sa ni in warware wayar ina ƙirga zagaye, in na ɓata ƙirga in koma farko. Baba bai taɓa jin sunan Maikal Farade ba, mutumin Ingilan da ya gano a 1831 cewa maganaɗisu mai motsi yana haifar da lantarki a jikin waya. Amma ya san idan yana son wutar gida mai bolt 230 ta dawo bolt 12, to duk zagaye goma sha tara a wannan ɓangare yana buƙatar kusan zagaye ɗaya a wancan. Ranar da malaminmu na sakandare ya rubuta lissafin tiransifoma a allo, ajin ya yi tsit, ni kuwa sai na ga ai ƙirgar Baba ce aka sa mata haruffa. Daga ranar Fiziks ya daina ba ni tsoro.

Na yi difloma a fannin lantarki a nan Ibadan, na tafi Arewa na ƙarasa digiri, inda 'yan ajinmu suka riƙa tsokanata wai Hausata ta Kurmi ce. Bautar ƙasa ta kai ni wata makarantar ƙauye da ba ta da ɗakin gwaji ko ɗaya, aka ce in koyar da Fiziks. Da na dawo gida na yi shekaru a wata masana'anta ina kula da injuna, har lokacin da tsadar gas da rashin wuta suka sa aka rage ma'aikata. A lokacin nan yara biyu na maƙwabta suna zuwa wurina da yamma. Biyu suka zama shida, shida suka cika zaure. Yanzu ina koyar da 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da kuma 'yan shekarar farko da ta biyu na kwalejin fasaha da jami'a masu karatun injiniya.

Wurin da muke fara asarar yaranmu shi ne shiga babbar sakandare, wato aji huɗu a lissafin da. A nan ake raba ɗalibai, wannan ajin kimiyya, wancan na kasuwanci ko adabi. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar shi kaɗai yake yanke wannan hukunci, don sau da yawa uban yana kasuwa, uwar kuma ba a gaya mata ba. Abokansa sun ce Fiziks wuya gare shi, sai ya bi su. Alhali wanda yake son karatun injiniya dole ne ya samu kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne zai rubuta a jarrabawar JAMB, mai maki 400. Yaron da ya kauce wa Fiziks a wannan mataki ya rufe wa kansa ƙofar injiniya da likitanci da haɗa magunguna a rana ɗaya, bai sani ba, iyayensa ma ba su sani ba. Sai bayan shekara uku a zo mini da shi a ce Malam, yana son ya zama injiniya.

Wanda kuma ya shiga ajin kimiyyar, sai ya haɗu da matsalar harshe. Yaron Sabo Hausa yake yi a gida, Yarbanci a layi, burokan a kasuwa, Larabci a Islamiyya, sannan a koya masa Fiziks da Turancin littafi. Ba ƙaramin kai ne yake ɗaukar harshe biyar ba, don haka ni ba na yarda a ce mini yaro daƙiƙi ne. Amma ku duba inda gizo yake saƙar. Mu a Hausa kalmar “ƙarfi” ita muke faɗa wa komai: ƙarfin tura mota, ƙarfin da abinci yake ba jiki, ƙarfin janareta. Fiziks kuwa ya raba su uku, fos da enaji da fawa, kowanne da ma'auninsa. Haka “nauyi” yake ɗauke da ma'ana biyu, yawan abin da ke cikin buhu, da kuma jan da ƙasa take yi wa buhun. Haka “zafi”: cokalin da aka tsamo daga tafasasshen ruwa ya fi bahon ruwan ɗumi zafi a ma'auni, amma bahon ya fi shi tara zafi nesa ba kusa ba. Yaro yana fassara tambaya a ransa zuwa Hausa, abu biyu su koma abu ɗaya, ya faɗi jarrabawa, a ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

Saboda haka makon farko ba na taɓa lissafi. Zama muke yi muna rarrabe kalmomi. Nakan tambaye su: ɗan dako ya ɗora buhun albasa a ka, ya tsaya cak na awa ɗaya yana jiran mai kaya, ya yi aiki? Duk su ce ya yi mana, Malam, ai har gumi yake. Sai in ce a kasuwa ya yi, kuma dole a biya shi, amma a Fiziks bai yi wa buhun aikin komai ba, domin aiki a can shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka shi da nisan da abin ya gusa ta inda ka tura. Lokacin da ya ɗaga buhun daga ƙasa zuwa kansa, nan ne ya yi aiki. Musu yakan kaure, wani har ya ce wannan zalunci ne. Ina barin su su yi, don yaron da ya yi musu a kan abu ba ya manta shi. Akwai ɗan wani mahauci da ya ce shi fawa ɗaya ya sani, ta gidansu. Har yau 'yan ajin suna tuna ma'anar kalmar saboda dariyar ranar.

Bayan kalmomi sai abin da ake gani. Ƙa'idata ita ce abu ya fara zuwa, sannan zane, sannan lamba, haruffan lissafi su zo daga ƙarshe. Bari in kawo misalai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarkar ɗan ga-ruwa lita 25 ce, idan ya jera goma a kura yana tura kilo 250, ban da kurar kanta. Me ya sa tayar da ita daga tsaye ya fi wuya a kan ci gaba da tura ta? Me ya sa idan ta kama gangaren Mokola ba ta jin kira? Dokokin motsi na Niyuton ke nan, kuma kowane yaro a ajin ya taɓa ganinsu da ido. Idan muka zo faɗuwar abu daga sama, sai in ce su tuna Cocoa House da ke Dugbe, benen nan mai hawa 26 da aka gama a 1965, tsayinsa wajen mita 105. Dutse daga ƙololuwarsa daƙiƙa nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa? Kowa ya fara cinka, wani ya ce goma, wani ya ce ashirin. In mun lissafa sai a ga daƙiƙa huɗu da rabi ne da 'yan kai. Mamakin nan shi nake nema.

Akwai darasin da nake yi musamman don 'ya'yan direbobi da masu acaba. Kuzarin da abin hawa yake ɗauke da shi yana ƙaruwa ne da gudun an ninka shi da kansa. Wato idan ka tashi daga kilomita 40 a awa zuwa 80, nisan da birki yake buƙata ya tsayar da kai ninki huɗu ne, ba biyu ba. Ka ɗora wannan a kan tirela mai buhun siminti 600, kowanne kilo 50, tan talatin ke nan ban da motar. Yaron da ya lissafa wannan da hannunsa ba zai tsallaka titi a gaban tirela a Ojoo yana cewa ai direban ya gan ni ba. Haka darasin wuta. Ƙaramin janaretan nan na shago bai kai wat 1000 ba, dutsen guga kuwa shi kaɗai yakan ci wat 1000 ko fiye, shi ya sa da an jona sai injin ya shaƙe. Dutsen gugar nan in ya yi awa ɗaya yana ci, ya cinye yunit ɗaya a mita. A darasin nan ne nake gaya musu, kuma nake roƙon su gaya wa iyayensu, kada a taɓa kunna janareta a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa. Iskar da take kashewa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum daga nan sai dai labari.

Darasin da ya fi shiga ran yaranmu shi ne na randa. Duk wanda aka taɓa kai shi Arewa hutu ya sha ruwan randa mai sanyi kamar daga firji, ya dawo Ibadan ya ga randar gidansu da damina ba ta yin haka. Wasu su ce ƙasar Arewa ce ta fi kyau. Dalilin shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin tukunya, iska ta busar da shi, bushewar kuwa zafi take ja daga ruwan da ke ciki. A Kano da rani iska busasshiya ce, tana shanye danshi da sauri. A nan kuwa iskar kanta a jiƙe take, ba ta da wurin ɗaukar ƙari. Da wannan ilimin ne Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Idan na ba da wannan labari nakan ga yara sun gyara zama. Sun ji sunan mutum irin na gidansu a cikin zancen kimiyya.

Jarrabawar WAEC tana da ɓangaren gwaji da hannu, kuma a nan yaranmu da yawa suke zubar da maki, domin wasu makarantun kuɗi da muke kai su ba sa fito da kayan gwaji sai ana saura mako biyu. To ba sai da kayan Turai ba. Zare mai tsawon mita ɗaya, ƙaramin dutse, ƙusa a jikin ƙofa, da agogon waya, sun isa. Yaro ya sake dutsen ya yi lilo sau ashirin, zai samu wajen daƙiƙa arba'in, wato biyu a kowane zuwa da dawowa. Ya rage zaren, ya sake aunawa, ya cika jadawali, ya zana layi a takardar giraf. Daga nan zai fitar da jan ƙasa da kansa, ya samu lamba kusa da 9.8 ɗin da ke cikin littafi. Gani ya kori ji. Ina kuma tilasta abu uku: kowace amsa ta zo da ma'auninta, a yi kirdado kafin a taɓa kalkuleta, sannan kowa ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta tambayoyin da suka ka da shi da dalilin faɗuwar. Ba na dukan yaro, ba na kuma ba da satar amsa. Uban da ya zo yana tambayar cibiyar da ake “taimaka wa” yara ranar jarrabawa, nakan ce masa Alhaji, takardar za ta shigar da shi jami'a, amma ba za ta zauna masa a aji ba.

'Yan karatun injiniya kuwa matsalarsu dabam ce. Sun iya haddace lissafi shafi guda, amma ka nuna musu injin na gaske su tsaya suna kallo. Su nakan fita da su. Mu je wurin gini in tambaye su me ya sa rodi yake ƙasa a cikin bim, amma a barandar da ta leƙo waje yake sama. Kankare yana jure dannawa, ba ya jure ja, don haka ana sa ƙarfe ne a gefen da ake ja. Birkilan da ya juya wannan ya haƙa wa mutane kabari, kuma wanda ya cire katako daga dakin tun kankare bai yi ƙwari ba, alhali sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, shi ma haka. Mu je wurin masu haƙa rijiya in tambaye su me ya sa injin da ke bakin rijiya ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, sai an zura sumo ciki ya turo daga ƙasa. Nauyin iskar da ke kanmu ne yake tura ruwan cikin bututu, kuma iyakarsa wajen mita goma ce ko da injin ba shi da aibi. Mu tsaya ƙarƙashin manyan wayoyin nan masu bolt 330,000, irin waɗanda suke ɗauko wuta daga madatsar Kainji da aka gama a 1968, su gaya mini dalilin ɗaga bolt haka. Wanda ya ce don a rage wutar da ke gudana a waya, asarar zafi ta ragu, to ya fara zama injiniya. Kuma ina tura su wurin masu naɗa koyil da masu walda su zauna su koya da ladabi, don akwai abin da littafi ba ya faɗa.

Sai maganar 'yan mata. A zaurena suna zama gefe ɗaya da hijabinsu, kuma ana tashi kafin magariba. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban ga wani bambancin ƙwaƙwalwa tsakaninsu da maza ba, sai ma dai sun fi kula da rubutu da ma'auni. Abin da yake cire su shi ne talla da aikin gida, da kuma maganar nan ta cewa kimiyya ta maza ce. Mu ne kuma muke kuka idan matanmu suka je asibiti ba su samu mace likita mai jin Hausa ba. Hajiya, likitar nan da kike nema sai ta ci Fiziks a sakandare tukuna.

Abin da nake roƙon iyaye ba shi da yawa. Ranar da yaro zai shiga babbar sakandare, ka bar kasuwa na awa biyu ka je makarantar ka ji ajin da aka sa shi, ka tambaya ko akwai malamin Fiziks da ɗakin gwaji. Ka nema masa lambar NIN da wuri, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma sunan da ke kanta ya zama ɗaya da na takardun makaranta. Ka kai shi garinku ya karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun kafin a buƙata, domin haihuwa a nan ba ta cika wadatarwa ba idan aka zo neman gurbi ko tallafin karatu. In kuma yana koyon sana'a a gareji ko wurin mai gyaran waya, kada ka cire shi don boko, kada kuma ka cire shi daga boko don sana'a. Ni kaina da ƙafafun nan biyu na tsaya. Masu ilimi a cikinmu kuma, ko awa biyu ne a mako, su tara yaran layinsu a zaure ko harabar masallaci. Allo ɗaya da alli sun isa a fara.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.